Ma'aunan Zaɓen Kwamfutar Tafi-da-gidanka Mai Rahusa ga Ɗalibin Nazarin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abubuwan da ya kamata ɗalibin Hausa a jami'a ya auna kafin ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan abin da ke hannunsa. An gina ma'aunan ne a kan ainihin ayyukan da ɗalibin yake yi, wato rubutun kundi da tattara bayanai a fagen bincike da kuma tafiye-tafiye. Maƙalar ta gano cewa matsalar haruffa masu ƙugiya matsala ce ta manhaja, don haka kuɗin ɗalibi ya fi dacewa da ma'adana da batir da zubin firosesa.

Fitilun Kalmomi: kwamfuta, haruffa masu ƙugiya, manhaja, fagen bincike

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya ɗalibi ya kammala digiri na biyu ko na uku ba tare da kwamfutar kansa ba. Sai dai mafi yawan ɗalibai 'yar tokumbo suke saye, a wurare irin su Titin Beirut a Kano ko Computer Village da ke Ikeja, kuma shawarar mai shago suke bi. Shi kuwa mai shago bai san aikin manazarcin harshe ba. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da dacewa. Abin da ke cikin haɗari ya wuce kuɗin na'ura, domin hirar da aka naɗa da dattijo ko makaɗi ba kullum ake samun damar sake ta ba.

2.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Da yawa suna zaton akwai kwamfutar da take rubuta Hausa da wadda ba ta yi. Gaskiyar magana ita ce ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, duk suna da lambobinsu a tsarin Unicode. Misali, lambar ƙ ita ce U+0199, ta ɗ kuma U+0257. Windows na ɗauke da tsarin madannai na Hausa, sannan manhajar Keyman kyauta ce, tana kuma sauƙaƙa sanya alamun karin sauti da tsawon wasali. Samfurin haruffa na Charis SIL da Doulos SIL suna daidaita waɗannan alamu a kan wasula.

Samfurin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, ya yi wa nazarin Hausa hidima a lokacin da babu wata mafita. Amma da yake ya aro gurbin wasu alamu ne ya ɗora haruffan a kai, duk kwamfutar da ba ta da shi sai ta nuna }asa a maimakon ƙasa. Ɗalibin da zai tura maƙala ga mujallar intanet ya fi samun kwanciyar hankali da Unicode. Haka ma Ajami, ana buga shi da madannan Larabci ko na Keyman a kan kowace na'ura.

3.0 Manhajojin Nazari

Manhajar da ɗalibi zai yi aiki da ita ita ce ke yanke hukuncin irin na'urar da zai saya. Mai nazarin furuci da karin sauti yana bukatar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira. Mai juya hira ko waƙar baka zuwa rubutu yana amfana da ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen. Mai aikin ƙamus ko ƙirar kalma kuwa FLEx ta ƙungiyar SIL ce abokiyar aikinsa, ita kuma ba a yi ta domin kwamfutar Apple ba. Chromebook tana da arha da rashin nauyi, amma an gina ta ne a kan aiki ta intanet, kuma girka waɗannan manhajoji a kanta sai mai ƙwarewa. Saboda haka na'ura mai Windows ta fi zama mafita ga yawancin ɗalibai.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Zubin Firosesa

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma, a ƙa'ida, tana bukatar firosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Wannan ne tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa: ana nuna musu tambarin Core i7 su ɗauka sun dace, alhali zubi na shida ne. Lambar farko bayan karan ɗori ita ke nuna zubi a waɗannan tsofaffin na'urori. Don haka i5-8250U, wadda take zubi na takwas, ta fi i7-6600U amfani. Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5 suna cikin na'urorin ofis da suka fito da zubi na takwas, sai dai a duba lambar, domin akwai waɗanda aka haɗa da na bakwai.

4.2 Ma'adana

Ma'adanar wucin-gadi, wadda aka fi sani da RAM, kada ta gaza gigabayit 8, kuma an fi son na'urar da za a iya ƙara mata daga baya. Ma'adanar dindindin ta kasance SSD, domin ba ta da faifai mai juyawa da girgizar mota za ta lalata. Sautin da aka naɗa a tsarin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabayit 10 a minti ɗaya, wato kimanin 600 a awa ɗaya. Wanda zai naɗi hirarraki masu yawa ko bidiyon bukukuwa, gigabayit 256 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai nema.

4.3 Batir

A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, batir ya fi saurin firosesa muhimmanci. Batirin 'yar tokumbo ya riga ya sha jiki, don haka kada a dogara da bakin mai sayarwa. Umarnin powercfg /batteryreport yana fito da rahoton da ke nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa. Idan ya ragu da kusan rabi, sai a lissafa kuɗin sabo a cikin ciniki. Na'urar da ke karɓar caji ta kafar USB-C tana da fifiko, domin fawa-banki mai ƙarfin wat 65 zai iya tayar da ita a ƙauye.

4.4 Nauyi da Fuska

Fuska mai inci 13 ko 14 tana shiga jakar goyo, nauyin na'urar kuma yakan tsaya a kusan kilo ɗaya da rabi. Wanda zai duba hotunan rubutun Ajami da ya ɗauko a Gidan Arewa na Kaduna ko cibiyar IRSH ta Yamai yana bukatar fuska mai 1920 × 1080, domin ɗigo da wasalin Ajami ba sa fita sosai a fuskar da ta gaza haka.

5.0 Kula a Yayin Tafiya

Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara kuma, wanda yakan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, yana rage kwanan batir. Bai kamata a bar na'ura a mota a rufe ba, ko a ɗora ta a kan katifa tana aiki. A jirgin sama, ƙa'ida ta amince da batir da bai wuce 100Wh ba, fawa-banki kuwa a jakar hannu kawai ake ɗaukar sa. Kafin a biya kuɗi, a gwada kowane madanni, a tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa na'urar da ta dace da ɗalibin Hausa ita ce mai Windows, zubi na takwas ko sama, da RAM gigabayit 8 da SSD da batir mai lafiya. Tun ranar saye ya kamata a ware wani kaso na kuɗin a sayi ma'adanar waje, a riƙa kwafe kundi da sautuka a cikinta da kuma intanet, a ajiye ta a jakar da ba ta kwamfutar ba. Na'urar da aka sace ana iya sayen wata, amma muryar wanda aka yi hira da shi ya rasu sai abin da aka kwafe.