Dutsen Malbaza da dutsen Damagaram: wanne ke da anfani ga gona?

Manoma ƴan uwa, a ƙasar Tasawa da Mayayi mutum na iya yin tafiyar yini guda bai yi tuntuɓe da dutse ba. Rairayi ne ko'ina. Amma duk da haka darasinmu na yau a kan duwatsu biyu yake, domin su ne za su fahimtar da ku halin jigawar da kuke nomawa.

Na farko shi ne farin dutsen Adar, wanda a lakwal ake ce ma kalkar. Shi ake haƙowa a Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960. In kun fasa shi kuna iya ganin ƙumba da katantanwa daskare a ciki. Ba abin mamaki ba ne: kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ya rufe wannan yanki, ɓawon ƙwarin ruwa ya yi ta taruwa a ƙasa har ya zama dutse. Yana da taushi, wuƙa na karce shi. Ku daka kaɗan ku matsa lemun tsami, za ku ga yana kumfa.

Na biyu shi ne garanit, irin manyan duwatsun da ke tsakiyar birnin Damagaram, da waɗanda ke kudancin Madarunfa wajen iyaka. Wannan narkakken dutse ne da ya huce sannu a ƙarƙashin ƙasa. Wuƙa ba ta kama shi, lemu bai sa shi kumfa. Ya fi kyau ga dutsen niƙa da tsakuwar siminti ta rijiya, amma bai ajiye ruwa sai cikin tsaga. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

To, ku duba garanit da kyau. Ƙwayoyi farare ko jaja-jaja da suka fi yawa a cikinsa sunansu feldispat. Ruwa na cin su a hankali, su koma yumɓu, su saki potas, wato harafin K da kuke gani a buhun taki 15-15-15. Ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi kuwa ba su narkewa. Su ne rairayi. Ke nan jigawarmu saura ce: yumɓu da abincin shuka sun tafi tun tuni, aka bar mana ƙashin. Shi ya sa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki.

Kada wani ya ce zai niƙa garanit ya zuba a gona. Jikokinsa ma ba za su ga anfanin ba.

Garin kalkar shi yana aiki. Yana rage tsamin ƙasa, kuma jigawar da aka daɗe ana zuba ma ire ba takin gida tana yin tsami. Yana ba da kalsiyom, wanda gujiya ke bukata don ta cika kwanso. Amma ku ji ni da kyau, kalkar ba taki ba ne. Babbar yunwar ƙasarmu fosfor ce, shi kuwa babu wani abin kirki a cikinsa. Wannan sai fosfat na Tawa ko takin zamani, giram 6 na 15-15-15 a kowane ramin hatsi, tare da takin dabbobi da barin kara a gona.

Wanda gujiyarsa ke yawan yin kwanso ba ƙwaya, ya ɗebo ƙasar gonar ya kai wa malamin gona na garinsu a auna tsaminta kafin ya sayi komi.