Amsoshin Tambayoyinku: Za a iya baje kolin ƙananan jiragen ƙasa a Jibiya?

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a Magama, bakin iyakar Jibiya. Wani ƙanena direba ya nuna mini bidiyo a waya, wai a ƙasar Turai, dattawa da furfurarsu sun kewaye tebur suna kallon wasu 'yan mitsi-mitsin jiragen ƙasa suna gudu, ga tasha, ga gada, ga fitilu. Shin wasan yara ne ko sana'a? Kuma tunda jirgin Kano zuwa Maraɗi ta nan zai ratsa, ɗalibaina kuwa ba su taɓa ganin jirgi ba, zan iya shirya musu irinsa?

AMSA: Allah Ya ƙara basira. Abin da ka gani da wasan yara ya faro, amma tuni manya suka ƙwace shi. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya kai kasuwar baje koli ta Leipzig jirgin wasa mai dogo gunduwa-gunduwa da ake harhaɗawa bisa awo guda, yadda wanda ya saya bana zai iya ƙara wani baɗi su dace. Kafin shekara 20 ta cika, a 1910, masu sha'awar abin sun kafa ƙungiyarsu a Landan, tana nan har yau. Yawancinsu ba da shi suke ci ba. Sha'awa ce irin ta mai kiwon tattabaru, mai cin kuɗi da lokaci, har uwargida ta yi ƙorafi.

Abin da ya raba shi da wasa shi ne awo. Ba a ƙera komai da ka. A awon da ya fi yaɗuwa, wanda suke kira HO, ana rage kowane abu sau 87: mutum ya koma santimita 2, tazarar ƙarafan dogo ta koma milimita 16.5. Akwai N, inda ake ragewa sau 160, ga wanda ɗakinsa ƙarami ne. Ingilawa kuma, da yake ba sa rasa nasu daban, sun fi amfani da OO, sau 76.

Ga abin da zai yi maka daɗi a aji. Sabon dogon da kamfanin Mota-Engil ya karɓi kwangilarsa a 2021, wanda aka tsara zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi, faɗinsa milimita 1,435 ne. Ka sa ɗan aji shida ya raba wannan da 87, zai samu kusan 16.5. Wato dogon HO hoton naku ne daidai wa daida. Tsohon dogon da ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shi kuwa milimita 1,067 ne, don haka mai son kwaikwayonsa sai ya nemi ɗan siririn dogo na milimita 12. Sannan ka ba su wannan lissafin su kwana da shi: daga Kano zuwa Maraɗi kusan kilomita 284 ne, ko an rage shi sau 87 sai an nemo tebur mai tsawon fiye da kilomita 3. Shi ya sa babu mai gina layi sukutum. Wuri ɗaya ake zaɓa, tasha ko gada, a yi shi da kyau.

Mai yiwuwa bidiyon ƙanen naka na Miniatur Wunderland ne da ke Hambog a Jamus, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Dogon da ke ciki ya haura kilomita 16, kwamfuta ke tafiyar da jiragen, kuma duk minti 15 sai a yi dare a yi rana da fitilu. Kada ya tsorata ka. Wannan kamfani ne mai ɗaruruwan ma'aikata. Baje kolin da aka saba yi a Ingila ya fi kama da naka tunanin: a ari ɗakin taro na makaranta ranar Asabar da Lahadi, kowa ya kawo nasa.

Yadda suke yi, ba a kan tebur guda ake ginin ba. A kan allunan katako ne, kowane bai fi abin da mutum biyu za su ɗauka ba, a loda a mota, in an isa a ɗaure su da kusoshi a daidaita bakin dogo da dogo. A bayan allon da aka zana sararin sama akwai maɓoya, inda ake jera jiragen da ke jiran fitowa. Mai kallo yana ganin jirgi ya shige rami kamar ya tafi wani gari, alhali hannu ne ke jiran sa a baya. Wutar kuwa ta cikin ƙarafan dogon take bi ta hau tayoyi ta kai ga injin, kuma yawanci kusan ƙarfin batirin mota ce, wajen bolt 12. Kuɗin hayar ɗaki daga kuɗin ƙofa yake fitowa da na 'yan kasuwar da suka kafa teburin sayar da kaya. Ƙa'idarsu ɗaya ce wadda ba a wasa da ita: kada a bar dogo babu abin da ke motsi, domin ɗan kallo ba ya haƙurin minti biyu.

Wahalar tana wajen mutane. Jirgi zai goce, waya za ta tsinke, yaro zai miƙa hannu, kuma dole wani ya tsaya daga safe zuwa La'asar yana amsa tambaya ɗaya sau ɗari da fara'a. Ƙungiyar Warley ta yi kusan shekara 30 tana shirya babban baje koli a Bamingham, amma a farkon 2024 ta sanar ta daina yin sa a can, saboda masu aikin sa kai sun tsufa, ga tsadar kaya. Ba jirage suka rasa ba. Kai kuwa abin da suka rasa shi ne kake da shi cike da aji.

To, za ka iya? Za ka iya, amma ban ba ka shawarar fara da odar kaya daga waje ba. Kan jirgi ɗaya mai kyau, in aka haɗa da canji da kuɗin dako da na kwastam, zai iya lashe albashinka. Ko ya iso ma, ƙurar hunturu ce za ta fara gaishe shi. Da ta kwanta a kan dogo wuta ta daina bi, jirgi ya tsaya cik a gaban baƙi. Wanda ya riga ya mallaki irinsa sai ya riƙa goge dogon da ƙyalle kafin a buɗe ƙofa, ya rufe shi da zane in an tashi. A wurinku jirgi mai ɗauke da batirinsa a ciki ya fi, don ba ruwansa da ƙura, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Masu ƙerawar kuwa suna zaune a gabanka. Yaron da ya iya motar kara da totuwa, ko motar waya mai sitiyari, ko tirelar gwangwani mai tayar silifa, ya riga ya san rabin aikin. Abin da zai koya sabo shi ne ya ajiye ido ya ɗauki rula. Mai gyaran rediyo zai ciro maka ƙaramin inji daga matacciyar DVD, kafinta ya yi alluna, mai walda ya lanƙwasa dogo. Ku zaɓi awo babba, misali a rage sau 40 ko 50, domin hannun yaro ya iya kamawa, kuma ku tsaya a kansa. In tarago ya bi awo, rumfar mai shayi ma ta bi, in ba haka ba za a ga raƙumi ya fi kan jirgi tsawo.

Kuma don Allah kada ku gina Jamus. Ku gina Jibiya. A sa shingen iyaka, da layin tirelolin da ke jiran a duba takardu, da rumfunan kasuwar Lahadi, da madatsar ruwa, da hanyar da ta miƙe zuwa Ɗan Isa. Uban da ya zo kallo, jirgin minti ɗaya zai ɗauke masa hankali, amma in ya hango rumfarsa sai ya koma ya kira maƙwabcinsa. Sai dai ka nemi izinin jami'an kwastam da na shige da fice kafin yara su je aune-aune ko ɗaukar hoto a bakin shinge, wurin ba ya son wargi. Batun 'yan mutum-mutumi kuma, in ka san wasu iyaye za su yi ƙyama, ka bar su. Taragu da buhuna da bishiyoyi sun isa su cika wuri.

Ranar taron, ka ja igiya taku ɗaya daga teburin, ka ajiye benci don ƙanana su hau su gani, ka raba yaran gida uku suna karɓeɓeniya: masu tuƙi, masu bayani, masu tsaron igiya. A shigo da mutane rukuni-rukuni, a ware wa mata lokacinsu. Ranar rufe zango ta fi, tunda iyaye na zuwa da ma.

In hali ya yi, ka aika wa wata makaranta ta Ɗan Isa da ke Nijar goron gayyata. Nijar ba ta da jirgin ƙasan fasinja mai aiki. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai kai ga jigila ba. Ka tura musu awon da kuka zaɓa da tsayin allonku daga ƙasa, su gina nasu ɓangaren daga shinge zuwa Maraɗi, su zo da shi a bayan a-kori-kura a haɗa da naku.