A ƙirga tiyar gida kafin a sa ranar biki

Ni malamin gona ne, kuma mafi yawan shekarun aikina a ƙauyukan Kankia da Kusada na yi su. Abin da aka tura ni in koyar shi ne tazarar shuka, lokacin zuba taki, da yadda ake rage ƙuduji a gonar dawa da gero. Sai dai da na daɗe ina yawo tsakanin Rimaye, Kafin Soli, Kofa da Yashe, na lura da wani abu da ya dame ni: akwai gidajen da na ga amfaninsu da idona a kaka, dami kan dami, amma idan marka ta yi a watan Agusta sai in tarar da maigidan a bakin shago yana awon tiya ɗaya bashi. Gona ta ba shi abin da zai ci. A tsakanin sussuka da bazara abin ya zube.

Kowa a nan ya san inda yake zubewa. Da an gama girbin dawa ake sa ranakun aure, saboda lokacin ne ake da abin hannu. Lefe, kayan ɗaki, anko, kamu, yinin biki, gara, kowanne da kuɗinsa, kuma kuɗin manomi yana cikin rumbu. Ga shi lokacin ne kowa ke fito da hatsi kasuwa, farashi yana ƙasa. Motoci na lodi a bakin titin Kano zuwa Katsina, su nufi kasuwar Dawanau. Bayan wata shida ko bakwai, mutumin da ya sayar shi ne zai dawo yana saye, sau da yawa da tsada, a daidai lokacin da yake neman kuɗin taki da na masu noma. Daga nan sai ya bar gonarsa da ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani don a ɗora tukunya a gida, amfanin baɗi ya ragu tun kafin ya fitar da kai.

Na san ciwon abin domin ni ma na yi. Shekarar da na aurar da 'yata ta fari na sayar da fiye da rabin dawar da na noma, don kawai kujerun da za a kai mata kada su gaza na 'yar maƙwabcina. Ɗakin da aka kai ta bai ma ɗauke su duka ba, biyu a zaure suka ƙare. A daminar nan na ci bashin da na shekara biyu ina biya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙannenta biyu sun yi zango guda ba su je makaranta ba. Idan da an tambaye ni wanne ya fi muhimmanci a wurina, karatunsu ko kujera, ba zan yi jinkirin amsa ba. Amma ban zauna na tambayi kaina ba. Bakin mutane ne ya yanke mini shawara.

Tun daga nan na ƙara wani darasi a kan abin da nake koyarwa, kuma lissafi ne da ko ɗan firamare zai iya. Buhu yana cin tiya 40. Gidan da ake girka tiya 2 a rana yana cinye buhu a kwana 20, wato buhu 18 da 'yan kai a shekara. Sai mu zauna da maigida a gindin bishiya, in ce masa: fitar da zakka tukuna idan amfanin ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala. Sannan ware iri. Sannan ware abincin gida har zuwa sabon gero, ka ƙara buhu ɗaya ko biyu saboda baƙo da rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne ƙarfinka, a kansa za ka auna biki.

Wani dattijo a wajen Kusada ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, lissafinka daidai ne. To mi za mu ce ma dangi?" Na ce, "Baba, dangin nan wa zai kawo maka tiya goma a watan takwas?" Ya daɗe bai ce komai ba. Tambayarsa ita ce gaskiyar matsalar, kuma ba na raina ta. A wurinmu kunya abu ne mai nauyi, uwa kuma tana tsoron a yi wa 'yarta gori a gidan miji. Shi ya sa nake roƙon magidanta su yi wannan lissafi tare da matansu. Matar gida ce ke auna tiyar kullum, ta fi kowa sanin ranar da rumbu zai yi ƙasa. Idan ta yarda da adadin, ita za ta tare surutun 'yan uwanta mata fiye da yadda kai za ka iya.

Shekarun nan sun ƙara matse mu. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na ga manoma na karyar da hatsi ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar, kuɗin mota da na taki da na niƙa duk suka tashi. Gidan da ya ajiye abincinsa ya ji jiki, amma ya kwana da tuwo.

Kada a fahimce ni da cewa a ɓoye hatsi don jiran tsada. Waɗanda suka yi haka sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025, wasu ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba. Maganata a kan abincin iyali ce. Ga mai tsoron ƙwari su cinye masa wake, akwai buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje. A busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro zai mutu ba tare da an zuba magani ba.

Da lokacin auren 'yata ta biyu ya zo, mun zauna ni da mahaifiyarta da ita kanta yarinyar. Gado, katifa, kayan girki, sai keken ɗinki da ta ce ta fi so a kan kujeru. Aka ɗaura aure, aka yi walima yini ɗaya. An yi magana a unguwa, har wata gwaggona ta yi fushi ba ta zo ba, kuma hakan ya yi mini zafi. Bayan sallah na ɗauki tiya biyar na gero na je na gaishe ta a gida, ta karɓa, ta tambaye ni ko amarya na samun ɗinki.