Yadda Ake Lulluɓe Robobin Cikin Mota da Ledar Kabon

Robobin da ke kewaye da giya da rediyo da maɓallan gilashin ƙofa su ne ke fara tsufa a cikin mota, saboda makulli na karce su, rana kuma na sa su koɗe. Hanya mai sauƙi ta sabunta su ita ce a lulluɓe su da leda mai gam wadda aka yi wa zanen saƙar zaren kabon, irin baƙar saƙar nan da ake gani a motocin tsere. Da yawa suna zaton kyan aikin yana ga iya mannawa. Amma abu biyu ne ke raba aikin da zai yi shekaru da wanda zai ɓare cikin wata guda: wanke robar kafin a manna, da gasa ledar bayan an manna.

A fara da zaɓen leda, domin iri biyu ce. Akwai wadda ake zuba haɗinta da ruwa-ruwa har ya bushe ya zama shimfiɗa, akwai kuma wadda ake murzawa tsakanin ƙarafa har ta yi siriri. Ta farkon ta fi tsada, amma tana bin lanƙwasa kuma ba ta cika tsukewa ba. Ta biyun an miƙe ta da ƙarfi tun a masana'anta, don haka da ta sha zafi sai ta ja baya. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison suna yin ta farkon, gam ɗinsu kuma yana da 'yan hanyoyin da iska ke fita. Sauran kayan aikin su ne na'urar hura iska mai zafi, sabuwar reza, sifirit, tsumma marar zubar da zare, sandar roba ta ɓanɓare fuskoki, da mashafin roba ko tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle.

Mataki na farko shi ne a cire robar daga jikin motar. Wasu kan ƙi yin haka don tsoron karya 'yan maƙalan da ke riƙe da ita, kuma tsoron yana da dalili, musamman a tsohuwar mota. Sai dai mai manna leda a wurin dole ya yanke ta daidai bakin robar, inda yatsa da zafi za su fara ɗaga ta, ga haɗarin reza ta tsaga abin da ke kusa. Maganin karyewa shi ne a nemo duk sukurun da ke ɓoye, a sa sandar roba kusa da maƙalin a ɗaga a hankali, kada a yi amfani da sukundireba. Idan za a zare wayoyi, a kashe mota a cire kan batir tukuna, don kada fitilar jakar iska ta kama a banza.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne wanki. Man da masu wankin mota ke shafa wa dashbod don ya yi sheƙi yakan ƙunshi silikon, kuma gam ba ya kama silikon komai tsadar ledar. A wanke robar da ruwa da sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe sarai, sannan a goge ta da sifirit har tsumman ya daina ɗaukar datti. A goge bayanta ma, domin can ne bakin ledar zai kwanta. Inda karcen ya yi zurfi a murje shi da samfefa mai laushi, tunda leda na nuna duk abin da ke ƙarƙashinta. A yi aikin a ɗaki rufaffe mai sanyi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawo.

Na uku, a yanka ledar da rarar santimita 3 zuwa 5 a kowane gefe, a tabbata layukan saƙar duk robobin sun fuskanci ɓangare guda. A ɓare takardar baya, a ɗora ledar ba tare da dannawa ba, sannan a fara shafawa daga tsakiya zuwa gefe. In ta yi tattara, a ɗaga a sake. A wurin lanƙwasa a ɗumama ta kaɗan har ta yi laushi, a ja ta da faɗin hannu biyu, domin ja da yatsa ɗaya yana karkatar da zanen. A naɗe kusurwoyi kafin miƙaƙƙun gefuna, a bar kamar santimita 1 ya kwanta a baya, a yanke saura. Ramukan maɓallai kuwa a tsaga su daga tsakiya, a tura bakin ciki. A gefuna masu wuya ana iya shafa sinadarin ƙara kamun gam, irin su Primer 94 na 3M, amma kaɗan, domin yana wahalar da cirewa daga baya.

Na ƙarshe shi ne gashi, kuma shi ne amsar masu cewa leda ba za ta jure zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri ba. Gaskiya ne cikin motar da aka rufe a rana yana yin zafi ƙwarai, kuma ledar da aka ja tana neman komawa yadda take da zarar ta ɗumama. Shi ya sa ake riga rana: a bi duk inda aka ja da duk gefuna da zafin da ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, gwargwadon umarnin kamfanin, sai ledar ta zauna a sabuwar siffarta. Na'urar busar da gashin kai ba ta cika kai wannan zafin ba. A riƙa motsa hannu don kada robar ta lanƙwashe, a danne gefuna, a bar ta kwana guda kafin a mayar.

Masu cewa fenti ya fi, su tuna cewa fenti in an shafa ba a komawa baya, ita kuwa leda ana ɗumama ta a ɓare ranar da za a sayar da motar. Iyakarta dai a bayyane take. Ba ta ƙara ƙarfi ko rage nauyi kamar kabon na gaske, ba ta kama roba mai laushi ko mai gurje-gurje sosai, kuma ba a lulluɓe murfin jakar iska da ita ko kaɗan, domin tana iya hana shi buɗewa yadda aka tsara a lokacin haɗari. Mai koyo ya fara da ƙaramar roba shimfiɗaɗɗiya, sai hannunsa ya faɗa kafin ya taɓa kewayen giya.