Filin Lissafi: Gwada Amsarka Kafin Malam Ya Gwada Ta

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan aji uku da jarrabawar BECE take ƙara matso mu. Yau filin namu ya zo da tambayoyi daga ɓangarori huɗu na lissafi: aljabra, jometiri, yiwuwa da ƙididdiga. Ku zo da biro da takarda, domin karatun ido kaɗai ba ya koyar da lissafi.

Akwai wani gata da lissafi yake da shi. Idan ka rubuta insha'i, sai malam ya duba kafin ka san makinka. Amma a lissafi, kai da kanka za ka iya gane ko amsarka daidai ce tun kana zaune a ɗakin jarrabawa. Da yawa daga cikinmu mun san hanyar aiki, ƙaramin kuskure ne yake cinye mana maki, kuma minti ɗaya na gwaji ya isa ya kama shi. Don haka kowace tambaya a nan za mu warware ta, sannan mu gwada amsar.

ALJABRA

Kalmar aljabra daga Larabci ta fito. Tana cikin sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Dokarta kamar ta sikelin mai sayar da nama ce: abin da ka yi wa hagu, dole ka yi wa dama.

Tambaya ta 1: Wata ɗaliba ta sayi littattafan rubutu 3 da biro ɗaya, ta biya N1,000. Kuɗin biron N100 ne. Nawa ne kuɗin littafi ɗaya?

Mu kira kuɗin littafi ɗaya x.
3x + 100 = 1000
Ɗebe 100 daga kowane ɓangare: 3x = 900
Raba kowane ɓangare da 3: x = 300
Gwaji: 300 sau 3 ya ba da 900, a ƙara 100 ya zama 1,000. Daidai ne.

Tambaya ta 2: Nemo x idan 5 − 2(x − 3) = 1.

A nan ne ake yawan zamewa. Lambar da ke bakin bakan −2 ce, da alamarta. Idan ta ninka −3, sai a samu +6.
5 − 2x + 6 = 1
11 − 2x = 1
2x = 10, don haka x = 5
Gwaji: 5 − 2(5 − 3) = 5 − 4 = 1. Daidai ne.

Wanda ya manta ya rubuta −6 zai samu x = −1. Da zai mayar da amsar cikin tambayar, zai ga 5 − 2(−4) = 13. Ina 13, ina 1? Nan take zai san akwai gyara.

Tambaya ta 3: A wani gida akwai kaji da awaki. An ƙirga kawunansu 12, ƙafafunsu 34. Kaji nawa, awaki nawa?

Mu kira kaji k, awaki a.
k + a = 12
2k + 4a = 34
Ninka layin farko da 2: 2k + 2a = 24. Ɗebe shi daga layi na biyu, sai a bar ka da 2a = 10. Ke nan awaki 5, kaji 7.
Gwaji: ƙafafun kaji 14, na awaki 20, jimla 34. Kawuna kuma 12. Ku riƙa gwadawa a layukan duka biyu. Kuma in amsarka ta ce akuya huɗu da rabi, ba sai an faɗa maka ba.

JOMETIRI

Wannan shi ne lissafin siffofi: alwatika, murabba'i, da'ira da sauransu. Kafin komai, zana hoton. Zanen da kansa yakan tona asirin amsar da ba daidai ba.

Tambaya ta 4: Kusurwoyin wata alwatika su ne x, 2x da 3x. Nemo kowace.

Jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ne. Saboda haka 6x = 180, x = 30. Kusurwoyin su ne 30, 60 da 90.
Gwaji: 30 + 60 + 90 = 180. Kada ka tsaya a x = 30 ka tashi, domin kusurwoyi uku aka tambaye ka.

Tambaya ta 5: An jingina tsani mai tsawon mita 5 a jikin bango. Tsakanin gindin tsanin da gindin bangon mita 3 ne. A tsawon mita nawa kan tsanin ya taɓa bangon?

Bango da ƙasa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, don haka za mu yi amfani da dokar Fitagoras, masanin nan na tsohuwar Girka. Gefen da ya fi tsawo shi ne wanda yake fuskantar kusurwa 90, wato tsanin. Mu kira tsawon da ake nema h.
h² + 3² = 5²
h² = 25 − 9 = 16
Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 16? Ita ce 4. Amsa: mita 4.
Gwaji: 16 + 9 = 25. Wanda ya tara 25 da 9 zai samu 34, amsarsa ta fito wajen mita 5.8. To, yaya tsani mai mita 5 zai kai mita 5.8 alhali ma a jingine yake? Wannan 3, 4, 5 ɗin ne wasu magina suke aunawa da igiya don kusurwar ɗaki ta fita daidai.

Tambaya ta 6: Faɗin wani faifai daga baki zuwa baki ta tsakiya santimita 28 ne. Nemo kewayensa da girman filinsa. Ɗauki π a matsayin 22/7.

Santimita 28 ɗin nan dayamita ce. Rabinta, wato radiyos, 14 ne.
Kewaye = 2 × 22/7 × 14 = santimita 88
Girman fili = 22/7 × 14 × 14 = 616 cm²
Gwaji: ka ɗauka an saka faifan cikin murabba'in akwati mai 28 a kowane gefe. Filin akwatin 28 × 28 = 784. Tunda faifan a ciki yake, dole filinsa ya gaza 784, kuma 616 ya gaza. Wanda ya sa 28 a madadin 14 zai samu 2,464, faifai ya fi akwatinsa girma ke nan. Ku kuma tuna da rubuta cm² a kan fili, cm a kan kewaye. Rashinsa yana rage maki.

YIWUWA

Yiwuwa tana auna damar faruwar abu. Ƙa'idar ita ce: yawan abin da kake nema a sama, jimlar duk abin da zai iya fitowa a ƙasa. Amsar ba ta yin ƙasa da 0, ba ta wuce 1.

Tambaya ta 7: A cikin jaka akwai jan goro 6 da farin goro 4. Idan aka zura hannu ba tare da an duba ba, mece ce yiwuwar a ɗauko fari?

Jimlar goro 10 ne, fari 4. Amsa: 4/10, wato 2/5.
Gwaji: yiwuwar ja ita ce 6/10, wato 3/5. In ka tara 2/5 da 3/5 za ka samu 1, domin goron da ya fito ko fari ne ko ja. Wasu sukan rubuta 4/6, su sa fari a kan ja. Idan haka ne, yiwuwar ja za ta zama 6/4, wadda ta wuce 1. Hakan ba ya yiwuwa.

Tambaya ta 8: An jefa dayis ɗin ludo guda ɗaya sau biyar, shida ba ta fito ba. Mece ce yiwuwar ta fito a jifa na shida?

Amsa: 1/6, kamar dai jifan farko. Dayis fuska shida ne da shi, kuma ba ya tuna abin da ya wuce. Masu cewa "ai yanzu kam dole ta fito" zuciyarsu ce take faɗa musu haka.

ƘIDIDDIGA

Tambaya ta 9: Ɗalibai 7 sun yi gwajin da makinsa 10 ne, suka samu 4, 9, 6, 4, 10, 5, 4. Nemo matsakaicin maki, da makin tsakiya, da makin da ya fi yawan fitowa. Su ne waɗanda malamanmu suke kira min, midiyan da mod.

Matsakaici: tara su duka, 42. Raba da 7, ka samu 6.
Makin tsakiya: sai ka fara jera su daga ƙarami zuwa babba: 4, 4, 4, 5, 6, 9, 10. Na tsakiya shi ne 5. Wanda bai jera ba zai ɗauko 4, ya faɗi.
Mafi yawan fitowa: 4, sau uku ta fito.
Gwaji: bayan jerawa, sake ƙirga lambobin ka tabbatar 7 ne, kada wata ta salwanta a hanya. Sannan duba nisan kowane maki daga 6. Waɗanda suka gaza 6 sun gaza da 2, 2, 2 da 1, jimla 7. Waɗanda suka haura sun haura da 3 da 4, jimla 7. Idan ɓangarorin biyu suka zo ɗaya, matsakaicin daidai ne.

Tambaya ta 10: A wani aji mai ɗalibai 60, 30 suna zuwa makaranta a ƙafa, 20 a kan keke, 10 a adaidaita sahu. Za a nuna wannan a zanen da'ira mai yanka-yanka. Digiri nawa kowane rukuni zai samu?

Da'ira digiri 360 ce. Raba 360 da 60, kowane ɗalibi yana da digiri 6. Masu ƙafa 180, masu keke 120, masu adaidaita sahu 60.
Gwaji: 180 + 120 + 60 = 360. Kuma masu ƙafa rabin aji ne, sun kuwa samu rabin da'ira.

SAURA NAKU

Ga guda shida ku kwafa ku yi a gida. A ƙarƙashin kowace amsa, ku rubuta gwajinta.

1. Nemo x idan 4(x − 2) = 2x + 6.
2. A bakin kasuwa an ajiye kekuna masu taya biyu da adaidaita sahu masu taya uku. Duka-duka guda 10 ne, tayoyinsu 24. Nawa ne kowanne?
3. Wani fili mai kusurwa huɗu, kowace digiri 90, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 5. Mita nawa ne daga kusurwa ɗaya zuwa wadda take fuskantarta, idan aka ratsa ta tsakiya?
4. Dayamitar tayar keke santimita 70 ce. Sau nawa za ta juya a tafiyar mita 110? Ku lura, mita ɗaya santimita 100 ce.
5. A cikin leda akwai alawa ja 5, koriya 3, rawaya 2. Mece ce yiwuwar a ɗauko wadda ba koriya ba?
6. Shekarun wasu ɗalibai 7 su ne 12, 14, 13, 12, 15, 12, 13. Nemo min, midiyan da mod.

Duk wanda ya gama, ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar, ya miƙa wa wani ɗan kulob kafin tashi ranar Juma'a. Amsoshin za su fito a wannan allo ranar Litinin, tare da sunayen waɗanda suka ci duka shida. Takardar da ba ta da gwaji ba za ta shiga ba.

Shawarata ita ce mu riƙa yin ko da tambaya biyar kullum bayan sallar la'asar, kuma ranar jarrabawa mu ware minti goma na ƙarshe don gwada amsoshi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan aji ɗaya da aji biyu, ku ma ku gwada waɗanda kuka iya, wanda ya gagara ku tambayi yayyenku ko malaman lissafi. Don Allah a kwafa a littafi, kada a yage takardar daga allo, wasu ma suna son karantawa.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.

Daga wakilin Filin Lissafi, aji uku, Kulob ɗin 'Yan Jarida