Darasin Jamusanci: Yadda Ake Faɗin "Don Me"

Ikkilisiyoyin Jamus suna da ƙungiyoyin taimako, kamar Misereor ta Katolika da aka kafa a 1958, da Brot für die Welt, wato "Abinci don Duniya", da aka kafa a 1959. Duk wanda ya rubuta wa irin waɗannan ƙungiyoyi neman rijiya ko iri, dole ya bayyana abin da yake so a cim ma. Darasinmu ke nan.

A Hausa kalmar "don" tana aiki biyu: tana nuna dalili, tana kuma nuna nufi. Bajamushe kuwa ya raba su.

1. Idan mai aikin da mai nufin mutum ɗaya ne, a yi amfani da um ... zu. Ana furta zu kamar "tsu". Kalmar aikatau tana zuwa ƙarshe:

Ich gehe nach Funtua, um Dünger zu kaufen.
Zan tafi Funtua don in sayi taki.

Ni zan tafi, ni zan saya.

2. Idan mutanen sun bambanta, sai a ce damit:

Wir graben einen Brunnen, damit die Kinder sauberes Wasser trinken.
Muna haƙa rijiya don yara su sha ruwa mai tsabta.

Mu ke haƙa, yara ke sha. Da an sa um ... zu a nan, da ma'anar ta koma cewa mu masu haƙa ne za mu sha.

3. Idan dalili ne, ba nufi ba, kalmar ita ce weil:

Wir graben einen Brunnen, weil der Fluss trocken ist.
Muna haƙa rijiya don rafi ya ƙafe.

Ku lura da kyau. Wanda ya sa damit a wannan jimla ya ce muna haƙa rijiya ne da nufin rafi ya ƙafe!

Aikin gida: Ku fassara waɗannan, ku duba wa juna bayan sujada ranar Lahadi.

(a) Muna ajiye masara don mu sayar da ita da damina.
(b) Zumuntar mata tana adashe don marayu su je makaranta.

Ubangiji ya ba ku fahimta. Amin.