Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Hulɗa da Jama'a

Tambayarmu daga unguwar Krofrom ta fito, a birnin Kumasi na ƙasar Ghana. Wani matashi, da ya ce a sakaya sunansa, yana tambaya: ta ina mutum zai fara idan yana son zama jami'in hulɗa da jama'a?

To, ɗan'uwa, mun gode. Jami'in hulɗa da jama'a shi ne bakin ma'aikata, shi ne kuma kunnenta. Yana isar da saƙonta ga mutane, yana dawo mata da kokensu. Mutane kan manta da wannan na biyun, alhali a ganina shi ya fi nauyi.

Wajen karatu, akwai makarantar koyon aikin jarida ta Ghana da ke Accra, wadda aka kafa a 1959 zamanin Kwame Nkrumah, yanzu tana cikin jami'ar UniMAC, kuma tana koyar da hulɗa da jama'a. Bayan karatu, nemi rajista da ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni, wato IPR.

Amma kada ka jira takardar shaida. Fara daga gida. Ƙungiyar matasan unguwa, kwamitin masallaci, makarantar Islamiyya, duk suna bukatar mai rubuta sanarwa da mai magana a rediyo. Karɓi wannan aiki, ka adana duk abin da ka rubuta, domin shi za ka nuna ranar neman aiki.

Sannan ɗan zango da ke jin Hausa da Twi da Turanci yana da jari babba. Asibiti ko banki a Kumasi na bukatar mai iya yi wa 'yan kasuwar Kejetia bayani da harshen da suke ji. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo, nemi a tura ka ofishin hulɗa da jama'a.